Hannun Hagu Na Amshi, Hannun Dama Na Waƙa

Idan kaka ta yi a Maijirgi, an yanke hatsi an ɗaure dammuna an kai rumbu, gonaki sukan koma hannun makiyaya. Fulani su sauko da shanu su ci kara da sauran harawa, su bar wa mai gona taki. A irin wannan lokaci ne na fara jin sarewa ina yaro. Wani saurayi ne zaune a gindin gawo, sanda a kan cinya, ya kara ɗan bututun a gefen baki yana busa, yana kuma wani gurnani a maƙogwaro, har ka rantse mutum biyu ne ke kiɗan. Yakan tafi da sautin can nesa, sannan ya dawo wuri guda, amma bai taɓa dawowa ta hanyar da ya bi ɗazu ba. Mu 'yan lakwal muka ɗan tsaya, muka wuce. Ba wanda ya taɓa ce mana abin da muka ji ilimi ne. A saninmu ilimi yana wuri biyu: cikin aji wajen mushe, da kuma zaure wajen malam.

Sai da na girma na ji labarin wani dattijo baƙar fatar Amurka, mai digirin digirgir, wanda ya bar ƙasarsa yana da shekara 60 ya tare a Zariya daga 1981 zuwa 1985, kuma cikin abubuwan da ya duƙufa a kansu har da wannan sarewa ta Fulani. Ana rubuta sunansa Yusef Lateef, mu kuwa mu ce Yusuf Latif. An haife shi a 1920 a garin Chattanooga, ya tashi a birnin Detroit, ya musulunta a ƙarshen shekarun 1940. Ya yi busa da manyan makaɗan jaz irin su Dizzy Gillespie da Charles Mingus da Cannonball Adderley. Abin busarsa na farko saksofon ne, daga baya ya ƙara da sarewar Turawa, da obo wadda 'yar'uwar algaita ce, da wasu kayan busa na Masar da Indiya da Sin waɗanda kafin shi ba a saba jin su a jaz ba. Faifansa na 1961, Eastern Sounds, har gobe ana saurarensa.

Amma kafin mu isa Zariya bari in tsaya a kan gwanintar kanta, domin wanda bai san abin da makaɗin jaz ke yi ba, ba zai gane abin da ya kawo irin wannan mutum gaban mai busa sarewa ba. Wurin da gwanintar ta fi fitowa fili kuwa shi ne piyano, saboda a nan komai a shimfiɗe yake gaban ido. Kuma an yi sa'a, mutumin da ya yi wa Yusuf Latif kiɗan piyano a farkon shekarun 1970, wato Kenny Barron, yana cikin waɗanda suka fi kowa iya abin, kuma ya shekara 27 yana koyar da shi a jami'a.

Piyano babban akwati ne na katako, a cikinsa an ɗaure tsirkiyoyin ƙarfe fiye da 200. A gabansa akwai maɓallai 88, farare 52 da baƙaƙe 36. Ka danna ɗaya, wata 'yar guduma mai lulluɓin ulu ta doki tsirkiya. Wani Ba'italiye mai suna Bartolomeo Cristofori ne ya ƙera na farko a birnin Florence wajen shekarar 1700. Maɓallan nan 88 sauti 12 ne kawai suke maimaita kansu, daga mai kauri irin na tambari har zuwa siriri irin na tsuntsu. In ka samu dama wata rana ka zauna gaban piyano, ko irin ƙaramin nan na lantarki da ke cikin situdiyon Kano da Maraɗi, ka bi baƙaƙen maɓallai kaɗai. Sauti biyar za ka ji suna zagayawa, kuma kunnenka zai ce maka ya san gidan nan, don da yawa daga waƙoƙinmu a kan tsani mai hawa biyar suke tafiya.

Shi jaz a birnin New Orleans ya tsiro a farkon ƙarni na 20, a hannun jikokin bayin da aka kwasa daga wannan ɓangare namu na Afirka. Tsarinsa kuwa duk wanda ya taɓa zama wurin kiɗan Mamman Shata ya riga ya san shi. Masu nazarin waƙar baka, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, suna raba waƙa biyu: gindin waƙa, wanda 'yan amshi ke riƙe da shi yana dawowa kullum, da ɗiyan waƙa, waɗanda makaɗi ke jefawa a tsakani. Gindi ba ya motsi. Ɗiya kuwa Shata yakan haife su nan take: ya hango wani ya shigo fage, kafin amshi ya zagayo ya riga ya sa shi cikin waƙa, da sunansa da na garinsu, kuma bai karya kiɗa ba. To haka jaz yake, sai dai ɗiyan nasa ba kalmomi ba ne, sauti ne zalla.

Ga yadda abin ke tafiya. Makaɗa sukan fara da waƙar da kowa ya sani, su kaɗa ta sau ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Daga nan sai su ajiye muryar waƙar, su riƙe abin da ke ƙarƙashinta. Abin da ke ƙarƙashin nan jerin sautuka ne da ake dannawa uku-uku ko hurhuɗu a lokaci guda, su tashi kamar abu ɗaya. Ni dami nake kiran kowane ɗaya, don zangarniya da yawa ce igiya ɗaya ta ɗaure. Kowace waƙa da jerin dammunanta, wannan na bin wannan, kowanne da tsawon lokacin da zai yi. Kamar hanyar Tasawa zuwa Damagaram ce: duk wanda ke cikin motar ya san za a ratsa Maijirgi, ya san za a bi ta Takeita, ba mai sauya wannan. Hirar da za a yi a hanya ita ce sabuwa kullum. Kiɗan da suke kira buluz taki 12 ne zagayensa. Yawancin sauran waƙoƙin taki 32 ne, kashi huɗu na takwas-takwas: na farko, a maimaita shi, a ratse zuwa wani kashi da suke kira gada, a komo na farko. Kowane taki bugu huɗu ne, wato zagaye ɗaya bugu 128 ke nan. In waƙar mai sauri ce, mai bugu 240 a minti, cikin daƙiƙa 32 an gama zagaye an shiga wani. A cikin wannan ɗan lokaci dami zai iya sauyawa sau talatin ko fiye.

Mai busa ƙaho yana da masu riƙe masa gindi. Mai piyano shi ne Shata, shi ne kuma 'yan amshinsa. Hannun hagu yana danna dammuna, yana tuna wa kowa inda aka kai a hanya. Hannun dama yana ƙirƙiro sabuwar murya a kai, wadda ba a rubuta ba, ba a kuma taɓa jin ta ba. Kowane sauti da hannun dama ya zaɓa dole ya dace da damin da ke ƙasa a daidai wannan ƙiftawar ido, ko kuma ya zamana yana kan hanyarsa ta zuwa wanda ya dace. A nan gwani ke bambanta da ɗan koyo. Ɗan koyo yana tsoron sautin da bai dace ba, sai ya maƙale a cikin dami kamar akuya a turke. Gwani kuwa da gangan yakan taka waje, ya bar kunnenka a rataye, ka ji kamar tulu ya karkace a kan yarinya, sannan a bugun ƙarshe ya daidaita shi ko ɗigo bai zuba ba. Daɗin jaz kusan duk a wannan ratayewa da saukewa yake.

Sannan akwai maganar lokaci, wadda ta fi wuyar faɗa. Hannun hagu na gwani ba ya faɗawa daidai kan bugu kamar sojan da ke fareti. Yakan riga shi da kaɗan, ko ya bar shi ya wuce da kaɗan, irin yadda ƙaramin kalangu ke cusa bakinsa tsakanin maganar babba. Wannan ɗan jinkiri shi ke sa kan mai sauraro ya fara kaɗawa bai sani ba. Ba a iya rubuta shi daidai a takarda. Matan da ke daka su uku a turmi ɗaya, suna jefa taɓarya sama suna tafi kafin su cafe, sun san shi sarai.

Wani abu da ke ƙara mini ganin girman waɗannan mutane shi ne, piyano kurman kaya ne in an gwada shi da namu. Mai goge yana zame yatsa a kan izga, sauti ya yi kuka ya lanƙwashe. Mai kalangu yana matse tsirkiya a hammata, fata ta ɗaure ta saki, ganga ta faɗi sunan mutum da kirarinsa, saboda Hausa harshe ne mai hawa da sauka. Piyano ba ya lanƙwasa. Abin da ka danna shi za ka ji, tsakanin maɓalli da maɓalli babu komai. Waƙar baƙaƙen Amurka kuwa, ta gona da ta coci, cike take da sautukan da ke zaune a wannan tsakani. Sai makaɗansu suka nemo dabara: su danne maɓallai biyu maƙwabta a tare, ko yatsa ya sulɓe daga baƙi ya faɗa kan fari, sai kunne ya ji sautin da babu shi a jikin kayan. Mai piyano Thelonious Monk ya yi suna a wannan. Kayan da aka ƙera don fadojin Turai, da haka aka koya masa kukan goge.

An haifi Kenny Barron a Filadelfiya a 1943. Yana ɗan shekara 19 Dizzy Gillespie ya ɗauke shi, ya yi shekara huɗu tare da shi. Hannunsa yana da sauri in ya so, amma abin da makaɗa suka fi yabonsa da shi rakiya ce, wato yi wa wani kiɗa yana busa ko yana waƙa. Ni a ganina wannan ya fi ƙirƙirar gaba wuya, don aiki ne na mai kunne da haƙuri. Mai rakiya yana sauraren inda mai busa ya dosa, ya share masa hanya kafin ya iso. In mai busa ya tsaya shan iska, ya cike gurbin da 'yar magana gajeriya. In ya ji an ɗauko zance mai nauyi, ya janye hannu ya yi shiru. Duk wanda ya san aikin sanƙira nagari a fagen kiɗa ya san irin wannan hankali: ya san lokacin ɗaga murya, ya san lokacin da zai bar maigida shi kaɗai.

Wanda ke son jin wannan da kunnensa ya nemi faifan People Time. A watan Maris na 1991 aka ɗauke shi a wani gidan kiɗa a Kopenhagen, babban birnin Denmak. Mutum biyu ne kawai, Stan Getz da saksofon, Kenny Barron da piyano, ba ganga ba komai. Getz yana fama da ciwon dajin da ya zama ajalinsa wata uku bayan haka, numfashinsa ya ragu. Barron ya zama masa ganga, ya zama masa 'yan amshi, inda numfashi ya gaza ya karɓi zancen ya riƙe har dattijon ya huta ya dawo. Na saurari faifan nan ba adadi, kuma ban taɓa jin wurin da Barron ya nemi a ce shi ne gwani ba.

To, ana koyar da irin wannan kuwa? Mu dai a nan mun yanke hukunci tun da daɗewa da muka ce ɗan na gada ya fi ɗan na koya. Makaɗi a gidan kiɗa ake haifarsa, wanda ya shigo daga waje kuwa ɗan haye ne. Su ma mutanen jaz da farko ba a aji suka koya ba. Yaro yakan sa faifai ya maimaita wuri ɗaya har faifan ya ƙoƙe, yana kwaikwayon gwani sauti bayan sauti, da dare kuma ya je inda manya ke kiɗa ya jira a ba shi dama, in ya yi kuskure a kore shi daga dandali. A Detroit gidan su Barry Harris, wanda shi ne ya kaɗa piyano a faifan Eastern Sounds, ya zama kamar makaranta, samari suna taruwa yana warware musu abin da gwanayen jaz Charlie Parker da Bud Powell ke yi. Harris bai daina wannan koyarwa ba, yana tara ɗalibai mako-mako a Niyu Yok har kusan rasuwarsa a 2021 yana da shekara 91.

Abin da irin su Harris da Latif da Barron suka yi shi ne, sun zauna sun tambayi hannuwansu: me kuke yi ne in kuna wannan abu? Wannan tambaya ba kowane gwani ke iya amsa ta ba. Akwai maƙerin da zai ƙera maka hauya da ba ta da na biyu, amma ka ce ya faɗa maka yadda ya san ƙarfe ya nuna, sai ya ce ai gani ake yi. Gaskiya ya faɗa, sai dai in ya mutu da ganinsa za a rufe shi. Malamin kiɗa na ƙwarai shi ne wanda yake da hannun kuma yake da bakin bayani. Ya ce wa ɗalibi: wannan 'yar jimla da ka koya, tafi ka kaɗa ta daga kowane ɗaya cikin sautuka 12, har yatsunka su daina tambayar ka hanya. Saurari wannan faifai ka rubuto mini abin da mai busa ya yi, ba tare da ka duba littafi ba. Haddace waƙoƙi ɗari, sannan wasu ɗari, don ranar da mai waƙa za ta juyo ta ce maka muryarta ba ta kai nan ba, ka sauke mata waƙar ƙasa nan take. Shekaru ake yi ana wannan, kamar yaron maƙera da ke kan zugazugi kafin a miƙa masa guduma. Abin da ake kira ƙirƙirar nan take, rumbu ne da aka daɗe ana cikawa, ranar buki a buɗe a ɗebo.

Kalmar rumbu ma ba tawa ba ce ni kaɗai. A 1981, shekarar da ya tafi Zariya, Yusuf Latif ya fitar da wani ƙaton littafi mai suna Repository of Scales and Melodic Patterns, wanda ma'anar sunansa ta yi kusa da rumbun tsanukan sauti da salon murya. Ya tara a ciki abin da ya tsinto daga jaz, da kiɗan Turai, da na ƙasashen Asiya da Afirka, kuma har yau masu piyano da masu busa suna gwada yatsunsu a kansa. Shi kansa bai daina zama ɗalibi ba. Yana dab da shekara 50 ya karɓi digirinsa na farko a makarantar kiɗa ta Manhattan a 1969, na biyu a 1970, sannan digirin digirgir a fannin ilimi daga Jami'ar Massachusetts a 1975, inda ya yi nazarin tsarin ilimin Musulunci da na Yamma. Shi ne kuma ya matsa wa Kenny Barron ya koma karatu, yana yawon kiɗa yana bitar darasi.

A nan akwai abin da nake so a lura da shi. Jami'ar Rutgers da ke jihar New Jersey ta ɗauki Barron aikin koyarwa a 1973. Digirinsa na farko kuwa sai a 1978 ya same shi. Wato shekara biyar yana koyar da 'yan jami'a kafin shi ya riƙe takardar da suke nema. Jami'ar ta duba hannunsa ta ce wannan ilimi ne, kuma ba mu da shi, zo ka ba mu. Ya zauna a can har shekarar 2000, daga baya ya koyar a makarantar Juilliard. An san shi da zama da ɗalibi a ɗaki mai piyano biyu, su yi ta kiɗa tare, shi ya jefa magana ɗalibi ya amsa. Tsohuwar hanyar koyo ta kunne ce aka shigo da ita cikin jami'a aka ba ta ɗaki da albashi, aka kuma ƙara mata da bayani.

Yanzu mu koma Zariya. Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello ce ta gayyaci Yusuf Latif a matsayin babban mai bincike. Ya koyar, ya yi aiki da makaɗa da 'yan wasan cibiyar, ya kuma bi sawun sarewa: yadda ake yin ta, yadda ake busa ta, da mutanen da ke busa ta. Ɗan bututu ne mai ramuka kaɗan, yawanci huɗu, ba harshe a bakinsa ba maɓalli a jikinsa. Duk sauran aikin leɓe ne da numfashi da maƙogwaro. Mutumin da ya san sarewar Turawa ta azurfa ciki da waje ya fi kowa sanin abin da ake nufi da fitar da waƙa cikakkiya daga ramuka huɗu. A 1983 ya yi faifai da makaɗan cibiyar, ya sa masa suna da Hausa, Hikima. A wannan shekara kuma ya shiga situdiyo a Legas da masu ganguna na Nijeriya, aka ɗauki faifan In Nigeria wanda ya fito a 1985. Shi da Ziky Kofoworola suka rubuta littafin Hausa Performing Arts and Music, aka buga shi a Legas a 1987.

Ina jin wani abu ma ya haɗa shi da makaɗanmu, wato maganar mutunci. Yusuf Latif ya ƙi jinin kalmar jaz, yana ganin an lulluɓe ta da ma'anoni na raini da na gidan giya. Ya ƙirƙiro wa kiɗansa wani dogon suna mai nufin abin da ke fitowa daga jikin mutum da hankalinsa da ruhinsa, kuma tun wajen 1980 ya daina busa a wuraren da ake sayar da barasa. Wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san wannan ciwo. Muna son kiɗa, ba a suna ba a aure ba a naɗin sarauta sai da shi, manomi ma a gayya sai ganga ta taɓa shi yake fidda ƙarfinsa, amma makaɗi maroƙi muke ce masa, kuma gidaje da yawa ba sa ba shi 'ya. Bayan Latif ya koma gida ya ci lambar Grammy da faifansa na 1987, wanda shi kaɗai ya kaɗa duk kayan da ke ciki, ya ci gaba da koyarwa a Jami'ar Massachusetts da Kwalejin Hampshire. A 2010 hukumar fasaha ta gwamnatin Amurka ta ba shi lambar girma mafi daraja da take ba makaɗan jaz, kuma a cikin waɗanda aka karrama tare da shi a wannan shekara har da Kenny Barron. Latif ya rasu a watan Disamba na 2013 yana da shekara 93.

Mu ma a Nijar mun yi irin wannan mutum, kuma da yawanmu da kaset ɗinsa muka girma. Malam Mamman Barka ɗan Tesker ne, Batube, ba gidan kiɗa ya fito ba. Malamin makaranta ne da ya ɗauki gurmi har ya zama ba a maganar gurmi a ƙasar nan sai an ambace shi. Ya yi aiki a cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya da ke Yamai. A 2002, da tallafin UNESCO, ya tafi bakin tafkin Cadi wajen Bukar Tar, dattijon Buduma da ake ganin shi ne na ƙarshe da ya iya biram, wani abin kiɗa mai tsirkiya biyar da siffar kwalekwale. Mutum mai suna, wanda ake tafa wa a manyan dandali, ya je ya durƙusa ya zama ɗan koyo. Da bai je ba, da biram ya bi Bukar Tar kabari. Barka ya kai biram har Turai, aka yi masa faifai a 2009 tare da mai ganga Umaru Adamu. Allah ya yi masa rasuwa a Nuwamban 2018. Shata ma, in an bi diddigi, ɗan haye ne, mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba. Don haka karin maganar nan ta ɗan na gada ina ganin ta faɗi rabin gaskiya ne kawai. Abin da ɗan gado ya fi ɗan koyo da shi, ya samu malami a gida tun yana rarrafe. A ba ɗan koyo malami da shekaru, zai kamo shi.

Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Mamman Shata digirin girmamawa a 1988, kuma ta kyauta. Amma digirin girmamawa riga ce da hula ta yini ɗaya. Abin da na so a ce an yi, a ba shi ɗaki da ɗalibai goma, da wani mai bakin bayani a gefensa yana tambayar sa: Alhaji, yaya kake sanin baitin nan zai shiga kafin amshi ya dawo? Me kake ji a kalangu da ke gaya maka lokaci ya yi? Shata ya rasu a 1999. Muna da muryarsa a kaset da waya, manazarta sun rubuta kalmominsa sun yi sharhi mai yawa a kansu, amma ɓangaren kiɗan, wanda ke cikin hannu da kunne, shi ne aka fi bari a baya.

Garinmu littattafan tarihi sun fi saninsa da kaburburan Voulet da Chanoine, sojojin Faransa biyu da ajali ya tsayar a nan cikin Yulin 1899 bayan ɓarnar da suka yi a ƙasar Hausa. Ina so wata rana a san yankin nan da abin da ya raya. Kirana ga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi da Jami'ar André Salifou ta Damagaram shi ne su aika mutane ƙauyukan Tasawa da Mayahi, su nemo tsofaffin masu goge da gurmi da kalangu da gangar noma, su ɗauke su aiki a matsayin malamai, da albashi, ko da ba su taɓa shiga lakwal ba. A zaunar da su da samarin nan masu piyanon lantarki a situdiyo, waɗanda yatsunsu ke da kaifi amma ba su samu mai nuna musu gindin abin ba. A ɗauki sauti, a ɗauki hoton hannu, a yi ta tambaya har a samu bayanin da za a iya koya wa wani. Masu sarewa kuwa ba su da wuyar samu: a bari a gama girbi, a zo gonakin Maijirgi da la'asar, a nufi inda shanu suke.